Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Ke Biyan Kuɗin Tirela a Kankiya da Kusada?

Duk buhun siminti, ko na taki, ko na masara da ya tashi daga Kano zuwa Katsina a bayan tirela yana da farashi biyu. Na farko shi ne wanda masu harkar suka sani: kuɗin gas, ladan direba da yaron mota, ribar mai mota, da ɗan abin da ake miƙawa a shingaye. Na biyu ba a rubuta shi a takardar kowa ba: kwaltar da ta farfashe, kwalbatin da ya rufta, tarin da ya kama yara, tunkiyar da aka take, da gawar da aka kwasa a bakin titi. Farashin farko mai kaya ke biya, ya kuma fanshe a wurin mai saye. Na biyu kuwa an ɗora shi a kan mutanen da ba su sayi komai ba, ba su sayar da komai ba, iyakar laifinsu dai gidajensu da gonakinsu suna bakin hanya.

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, bisa hujjar cewa bai kamata dukiyar kowa da kowa ta riƙa tafiya aljihun 'yan tsiraru ba. To, ga wani tallafin da har yau ba a taɓa shi ba, wanda ya fi wancan rashin adalci, domin daga ƙasa yake hawa zuwa sama: talakan Kankiya da Kusada ne ke tallafa wa masu manyan motoci da masu manyan masana'antu, da hanyarsa, da lafiyarsa, wani lokaci da ransa. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan ciniki suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda hanyoyi suka haɗu

Wanda ya duba taswira zai ga dalilin da ya sa nauyin ya faɗo a nan. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina, bayan ta bar Bichi da Tsanyawa, ta cikin ƙasar Kusada take shiga Jihar Katsina. A wajejen Yashe da Gidan Mutum Ɗaya take haɗuwa da hanyar da ta fito daga Funtuwa ta Malumfashi. Daga nan ta ratsa Kankiya, inda wasu hanyoyin ke ɓallewa zuwa Dutsin-Ma da Ingawa, ta wuce Charanci da Rimi zuwa birnin Katsina, ta miƙe zuwa Jibiya da iyakar Nijar. Ke nan hatsin kasuwar Dawanau mai zuwa Maraɗi, da man fetur da siminti masu zuwa Katsina, da dabbobin da ke gangarawa kudu, mafi yawansu ta wannan maƙogwaro suke bi.

Kuma ba su da wata hanya sai mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, wani reshe ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma tsakiyar ƙasar Katsina ba ta taɓa ganin dogo ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura zai bi ya shiga Katsina. Idan ya fara aiki zai iya rage wa hanyar wani kaso na kayan da ke zarcewa iyaka, wannan gaskiya ne. Sai dai duk abin da ya fito daga Funtuwa, da duk abin da za a sauke a garuruwan tsakiya, a kan taya zai ci gaba da zuwa. Maganar tirela a Kankiya da Kusada ba mai wucewa ba ce, don haka dole a yi mata lissafi.

Lissafin da ba a so a yi

Tsakanin 1958 da 1960, hukumomin hanyoyi na Amurka sun gina wasu tituna na gwaji a garin Ottawa da ke Jihar Illinois, suka sa motoci masu nauyi iri-iri suna zagaya su dare da rana, suna auna yadda kwalta ke lalacewa. Abin da suka gano shi ne har gobe injiniyoyi ke aiki da shi a duniya. Abin da ke cin hanya shi ne nauyin da ke kan kowane aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu. Kuma ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin. Idan nauyin aksul ya ninka sau biyu, ɓarnar ninkawa take kusan sau 16, wato biyu sau biyu sau biyu sau biyu.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada. Aksul mai ɗauke da tan 10, idan aka kwatanta shi da mai ɗauke da tan 1, ɓarnarsa ta ninka sau 10,000. Ma'ana, duk Golf da Sharon da a-kori-kura da babura da za su bi hanyar Kankiya tun daga asuba har dare, ba lallai su yi mata abin da tirela ƙwaya biyu za su yi ba. Idan aka ƙara wa aksul kashi 20 cikin 100 a kan ƙa'ida, ɓarnar ta ninka biyu. Idan aka ƙara kashi 50, ta ninka biyar. Hanyar da aka tsara ta yi shekara 20, in manyan motocin da ke binta duk haka suke lodi, a shekara 4 za ta ƙare.

Wannan a kan babbar hanya ke nan, mai kaurin kwalta da harsashin tsakuwa. Hanyoyin da ke shiga ƙauyuka ba a gina su don irin wannan nauyi ba tun farko. Wasu siririyar kwalta ce aka shimfiɗa a kan burji, wasu burjin ne tsura. Da damina, idan ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, tifa ɗaya mai cike da jiƙaƙƙen yashi ta isa ta yi wa hanya kwari biyu, ruwa ya kwanta a ciki, ya ci gefe, kwalbati ya zauna. Mai tifa ya sauke yashinsa a wurin gini ya karɓi kuɗinsa. Mai naƙuda da za a kai Babban Asibitin Kankiya da tsakar dare, ita za ta biya sauran.

Saboda haka idan muka ji ana cewa ɗan kwangila ya yi aikin algus, a riƙa ƙara tambaya. Algus yana nan, ba a musu. Amma ko kwangilar da aka yi tsakani da Allah ba za ta jure lodin da ya ninka abin da aka tsara ta a kai ba. Muna zagin ɗan kwangila ne saboda mun san sunansa. Mai lodin ya wuce da daddare ba mu gan shi ba.

Doka tana nan, sikeli ne babu

Kada wani ya ce ba a san da wannan ba. A 2012 shugabannin ƙungiyar ECOWAS sun amince da ƙa'ida guda ta nauyin manyan motoci a duk yankin, wadda ta tsayar da tan 11.5 a matsayin iyakar aksul guda. A 2018 Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, a zamanin minista Babatunde Fashola, ta fitar da ƙa'idojin girma da nauyin motocin dakon kaya a ƙarƙashin Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya. Ruhin waɗannan ƙa'idoji shi ne a auna mota tun a inda aka yi mata lodi: tashar jiragen ruwa, daffon mai, masana'anta, babbar kasuwa. Tambayar da ya kamata kowane ɗan majalisa mai wakiltar wannan yanki ya amsa ita ce: tirelar da ta taso daga Dawanau, a ina ake ɗora ta a sikeli kafin ta iso Yashe? Shingen da za a tsayar da direba a tambaye shi na goro ba ya ƙirguwa. Wanda za a tambaye shi tan nawa ya ɗauko shi ne ya gagara.

Haka abin yake a ɓangaren kuɗin gyara. An kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da hanyoyin tarayya. Gyaran da aka yi wa dokarta a 2007 ya tanadi a cire kashi 5 cikin 100 daga farashin fetur da gas, a ba FERMA kashi 40 na abin da aka tara, hukumomin gyaran hanyoyi na jihohi su raba kashi 60. Da an aiwatar, da hukumar KASROMA ta Jihar Katsina tana da tsayayyen kuɗin shiga da ba ya jiran ganin damar kowa. Shekaru sun shuɗe ana ta muhawara a kan wannan tanadi maimakon aiki da shi.

Sannan ga rabon alhaki da ya zama maɓoyar kowa. Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya manyan hanyoyinta da ikon zirga-zirgar da ke kansu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gini da gyaran hanyoyin cikin yankunansu. Tirela kuwa ba ta karanta tsarin mulki ba. Idan babbar hanya ta lalace, ko ana aiki a kanta, ko direba yana gudun shinge, sai ya karkata ya bi ta jiha ko ta ƙaramar hukuma. Mafi rauni a cikin gwamnatoci uku shi ake bar wa mafi tsadar ɓarna.

Abin da ke faruwa a bakin titi

Ƙa'idar tuƙi ta Nijeriya ta ƙayyade wa tanka da tirela gudun kilomita 45 a sa'a a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a kan tagwayen titi na gudu. Tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wannan hanya ya san nisan da ke tsakanin waɗannan lambobi da abin da ido ke gani. Motar da ta kai tan 40 tana ɗauke da ƙarfin bugu fiye da sau 25 na ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, idan gudunsu ɗaya. Kuma birkin da aka ƙera don wani nauyi, idan aka lafta masa abin da ya fi ƙarfinsa, zafi yake ɗauka ya saki. Kalmar nan da muke ji bayan kowane haɗari, wai birki ya tsinke, sau da yawa sunanta na gaskiya lodin wuce kima.

Garuruwanmu kuma a jikin titi suka girma. Kasuwa a bakin titi, makaranta a tsallake, rijiyar burtsatse a wannan ɓangare, maƙabarta a wancan. Yaro mai kai abinci gona, makiyayi da garkensa, mai amalanken shanu ɗauke da taki, duk sai sun ƙetare. Ga injiniyan da ke Abuja, wannan layi ne tsakanin birane biyu. Ga mutumin Gidan Mutum Ɗaya, tsakar gidansa ce aka ratsa.

Akwai kuma cutar da ba ta yin ƙara. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin huhu. A hanyar burji, ƙurar da tifa ke tayarwa da rani takan sauka a kan tuwon mai abinci, da barkonon da aka shanya, da ƙirjin jarirai. Ramukan da ake haƙa don ɗibar burji da yashi ana barinsu a buɗe, su cika da ruwa da damina, su zama gidan sauro da tarkon yara masu wanka.

Game da tankar mai kuwa, ba sai an yi dogon bayani ba. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoban 2024, inda tanka ta faɗi ta kama da wuta mutum fiye da 150 suka rasu, a garin bakin hanya ya faru, irin garuruwanmu. Sai da aka sake yin irinsa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, sannan aka hana tankoki masu lita 60,000 yin lodi daga farkon Maris na shekarar. Matakin daidai ne. Abin takaici shi ne yawan gawar da aka jira kafin a ɗauke shi.

Tagwayen hanya ba magani ba ne shi kaɗai

Za a ce ai ana mayar da hanyar tagwaye. An bayar da kwangilar sashen farko, daga Dawanau zuwa iyakar Jihar Katsina, ga kamfanin CCECC tun 2013. An amince da sashe na biyu, daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa birnin Katsina, kimanin kilomita 78, a 2019. Aikin ya ja ƙafa, amma alheri ne: zai rage karon gaba da gaba, wanda shi ne mafi muni a tsakanin motoci.

Sai dai hanya mai faɗi da santsi gudu take ƙarawa. Tsohuwar da a da take ƙetare layi biyu, yanzu huɗu za ta ƙetare, da shinge a tsakiya. Idan ba a yi wa garuruwan bakin hanya tanadin wurin tsallakawa, da gefen masu tafiya a ƙasa da babura, da mashigar dabbobi, da filin ajiye manyan motoci ba, to an sauƙaƙa wa mai wucewa ne an tsananta wa mazauni. Kuma idan ba a sa sikeli ba, sabuwar kwaltar za ta bi sawun tsohuwar, a sake ciyo bashi a gyara, jikokin wanda ya sha ƙura su biya.

Uzurori uku

Na farko: tirela ce ke kawo mana abinci da taki, ita ke kwashe amfanin gonarmu. Haka ne, kuma babu mai hankalin da ke neman a hana ta hanya. Manomin Kusada yana bukatar motar da za ta kai masararsa da waken suyarsa kasuwa. Abin da ake nema shi ne ta ɗauki abin da doka ta yarda, ta yi gudun da doka ta yarda, ta biya daidai ɓarnarta. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na biyu: idan aka matsa, kaya za su yi tsada. Za su ɗan ƙara, gaskiya ne. Amma tsadar tana nan tun yanzu, an dai canja mai biya ne. Mai motar haya yana biya a wurin makanike, manomi yana biya a faɗuwar farashi saboda mota ba ta iya shiga ƙauyensu, marayu suna biya da rayuwarsu gaba ɗaya. Naira kaɗan a kan kowane buhu, wadda miliyoyin masu saye za su raba, ta fi adalci a kan a jibge wa ƙauye guda. Ƙasar Suwizalan tun 2001 take karɓar kuɗi daga manyan motoci gwargwadon nauyinsu da nisan tafiyarsu, a kan dukkan hanyoyin ƙasar har da na ƙauye. Jamus ta fara nata a 2005. Dokar hanyoyi ta Ingila ta 1980 ta ba hukuma ikon bin wanda ya jawo zirga-zirgar da ta wuce ƙa'ida kuɗin gyara. Ko a nan gida, ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa na 2019, an yarda manyan kamfanoni su gina hanya a rage musu haraji. An amince ke nan cewa mai amfani da hanya yana da alaƙa da kuɗinta. Saura a amince da hakan a inda babu rangwamen haraji.

Na uku shi ne mafi nauyi a zuciya: ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ita bai taɓa soke diyya ba, bai kuma wanke mai sakaci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da zayyana cewa hanya haƙƙin kowa ce, kuma wanda ya cutar da masu binta zai lamunce. Yafiyar da iyalan mamaci ke yi a zauren mai gari kyakkyawar ɗabi'a ce idan sun san haƙƙinsu suka bari. Idan ba su san cewa doka ta wajabta wa kowace tirela inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna ba, wadda tun Janairun 2023 kuɗinta ya koma ₦100,000 a shekara, kuma take ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 5, to ba yafiya suka yi ba, ƙwace aka yi musu cikin ladabi.

A nan ya kamata a yi wa direba adalci. Shi ma kura ne a wannan wasa. Ana biyansa ne bisa yawan sawu, shi ya sa ba ya barci. Ba shi ke yanke yawan lodi ba, ba shi ke ƙin sayen sabuwar taya ba. Fushin da ke sa matasa su kama direba da duka ko su cinna wa mota wuta bayan haɗari zalunci ne a kan zalunci, kuma yana ba mai motar da mai kayan damar komawa waɗanda aka cuta. Haka tudun rage gudu da ake ginawa da daddare ba alama ba fenti, shi ma kisa yake yi. Amma a fahimta: mutane suna gina shi ne saboda sun kai kuka ba a saurare su ba.

Abin da ya rage mana

Gwamnatin tarayya ta sa sikelin auna manyan motoci a mahaɗar Gidan Mutum Ɗaya a matsayin wani ɓangare na aikin hanyar, mai aiki da na'ura, wanda ke aika sakamako kai tsaye ba tare da hannun ma'aikaci ya shiga ba. Tarar ta hau kan mai mota da wanda ya yi lodin. Gwamnatin jiha, ta hannun KASROMA da KASSAROTA, ta ƙayyade nauyin da kowace hanyar jiha da ta karkara za ta ɗauka, ta kafa alluna, ta tsaurara ƙa'idar da damina. Katsina tana cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa. Bashi ne, kuma ba hikima ba ce a gina hanya da bashi a bar ta ba mai tsaro. Ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, waɗanda hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, su yi dokar da za ta wajabta wa masu ɗibar yashi da burji yayyafa ruwa, da rufe lodi da tamfol, da cike ramin da suka haƙa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta wajabta wa mai lasisin fasa dutse ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Hakimai da dagatai su nemi ganin takardar.

Sauran aikin namu ne, mu da muka yi boko. Da yawanmu daga irin waɗannan garuruwa muka fito, yanzu kuma muna ratsa su da gilashi a rufe. Injiniya a cikinmu zai iya jagorantar ɗalibai su zauna a Yashe mako guda su ƙirga manyan motoci da yawan aksul ɗinsu. Likita zai iya tattara adadin waɗanda ake kawowa asibitin Kankiya daga haɗarin hanya, da wurin da abin ya faru, da irin motar. Lauya zai iya amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya nemi zanen hanyar da rahoton tasirinta ga muhalli, ya kuma tsaya wa iyali guda kyauta har kamfanin inshora ya biya. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda suka iya haɗa kuɗin walimar taya murnar naɗin muƙami, za su iya ɗaukar nauyin wannan duka.

Hukuma tana iya kawar da kai daga kuka, ta saba. Takarda mai ɗauke da lambobi, da sunayen wurare, da sa hannun lauya, ita ce ke da wuyar jefawa a kwandon shara. A fara da ƙirga motocin.